A Fara da Gani: Jagorar Koyar da Kalkulas Mai Bariyabul da Yawa a Jami'a

Duk malamin lissafin da ya saba duba takardun jarabawar 'yan aji biyu ya san wannan ɗalibin. A ba shi f(x, y) = x²y, kafin ka ƙifta ido ya fitar da diribatif bisa x, ya fitar da diribatif bisa y, babu kuskure ko ɗaya. Amma da zarar an tambaye shi abin da amsoshin nan biyu suke faɗa game da fankshin ɗin, ko ina ƙimarsa za ta nufa idan aka gusa kaɗan daga inda ake, sai ya tsaya cak. Irin wannan ɗalibi yana iya cin jarabawa ya wuce aji uku, sannan ya haɗu da darasin lantarki da maganaɗisu ko na gudanar ruwa, ya ji kamar bai taɓa zama a ajin kalkulas ba. Mafi yawan laifin yana ga yadda ake jera kwas ɗin: dokoki birjik, kowace da babinta, babu abin da ya haɗa wannan da waccan. Kiran da wannan jagora take yi shi ne a mayar da kwas ɗin kan tunani guda da ya haifi dokokin duka, wato cewa abu mai santsi, komai lanƙwasarsa, idan aka matso kusa da shi ƙwarai sai ya zama tamkar shimfiɗaɗɗe, kuma lissafin shimfiɗaɗɗen abu mai sauƙi ne. Diribatif shi ne bayanin wannan shimfiɗa a wuri guda, intigiral kuwa tara ƙananan shimfiɗu masu yawa ne. A nuna wa ɗalibi wannan da idonsa tukuna, sannan a ba shi alamomi.

Ya kamata a fara tuna ko su wane ne a ajin. A jami'o'in Najeriya wannan ilimi yakan fara bayyana a kwas ɗin MTH 201 na aji biyu, wanda manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa masa fankshin mai bariyabul biyu da uku, da diribatif na ɓangare, da dokar sarƙa, da hanyar Lagrange, da intigiral mai ninki, da intigiral a kan layi. Ƙa'idojin Green da Stokes da Gauss galibi sai a aji uku, a kwas ɗin nazarin bekta. Masu zama a ajin ba 'yan sashen lissafi kaɗai ba ne, akwai 'yan fiziks da kemistiri da ƙididdiga da kwamfuta, injiniyoyi da masu karanta tattalin arziki ma suna yin irinsa a tsangayoyinsu. Dukkansu za su yi aiki da abubuwan da suka dogara da dalili fiye da ɗaya a lokaci guda: matsin iskar gas ya dogara da zafi da girman mazubi, abin da masana'anta take samarwa ya dogara da jari da ƙwadago, zafin sandar ƙarfe ya dogara da wuri da lokaci. Sun shigo da kalkulas mai bariyabul ɗaya, inda hanyoyin motsi biyu ne kacal, hagu ko dama. Yanzu sun fito fili inda ake iya nufar kowace fuska, kuma kusan duk wahalar kwas ɗin daga nan take tasowa.

Saboda haka mataki na farko shi ne a ba ido mako biyu kafin a taɓa diribatif ko ɗaya. Kayan aikin da ya fi amfani a nan shi ne taswirar layukan mataki, inda kowane layi yake haɗa wuraren da fankshin yake da ƙima ɗaya. Ɗalibai sun riga sun san irinta, domin taswirar ruwan sama ta Afirka ta Yamma da ake koyarwa a darasin labarin ƙasa haka take. Layukanta suna tafiya kusan daga gabas zuwa yamma. Wanda ya bi layi ɗaya ba zai ga yawan ruwan shekara ya sauya ba, wanda kuwa ya tsallaka su daga Legas ya nufi Kano ya zarce Agadas zai ga ruwa yana raguwa mataki bayan mataki. Daga nan sai a sa su zana da hannunsu. Su zana layukan x² + y² a ƙimomi 1, 2, 3 da 4, su ga da'irorin da suke ƙara matsewa yayin da ake nisa da tsakiya, su gane cewa matsewar layuka alamar gangara mai tsanani ce. Su zana na x² − y², su ga doron da ake kira sirdi, mai hawa ta fuska ɗaya yana sauka ta ɗayar. Sannan su zana na 2x + 3y, su ga miƙaƙƙun layuka masu tazara iri ɗaya, wanda shi ne hoton shimfiɗa. A ƙarshe malam ya ɗauki ɗan ƙaramin murabba'i daga taswirar da'irorin, nesa da tsakiya, ya faɗaɗa shi a allo: guntayen da'irorin sun kusa miƙewa, tazararsu ta kusa zama ɗaya. Wanda ya ga wannan ya ga abin da sauran zangon zai yi ta bayani, gani kuwa ya kori ji.

Mataki na biyu shi ne diribatif na ɓangare, kuma a nan ake yawan ɓata lokaci, alhali lissafinsa ba sabo ba ne. An riƙe y a tsaye an bar x tana motsi, wato an yanka doron a miƙe ta fuskar x an auna gangarar bakin yankan. Lacca ɗaya da aikin gida sun isa. Abin da ya cancanci mako guda cur shi ne tambayar da ke biye: idan x da y suka motsa tare fa? A koma ga f = x²y a ɗigon (3, 2). Ƙimarsa 18 ce, diribatif bisa x shi ne 2xy, wato 12, bisa y kuwa x², wato 9. Ma'anar 12 ita ce kowane ɗan ƙari a x yana ninkuwa sau 12 a ƙimar f, haka ma 9 ga y. To a gusa zuwa (3.1, 1.9). Kafin kowa ya taɓa kalkuleta, a sa ajin ya yi ƙiyasi: 18, a ƙara 12 sau 0.1, a debe 9 sau 0.1, an sami 18.3. Ainihin amsar 18.259 ce, kuskuren 0.041. Sai a rage takun zuwa rabi, a je (3.05, 1.95). Ƙiyasi ya ba da 18.15, ainihin amsar kusan 18.140, kuskuren kusan 0.010. An rage taku zuwa rabi, kuskure ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ɗan lissafi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin: kuskuren miƙaƙƙen ƙiyasi yana ɓacewa da sauri fiye da yadda takun kansa yake ƙanƙancewa, kuma fankshin mai wannan hali shi ake cewa yana da cikakken diribatif a wurin.

Nan take a nuna musu inda ake cin moriyar wannan. Tankin ruwa mai siffar ganga, rabin faɗinsa r mita 1, tsawonsa h mita 2, yana ɗaukar πr²h, kusan lita 6,283. Diribatif bisa r shi ne 2πrh, wato 4π, bisa h kuwa πr², wato π. Idan mai awo ya yi kuskuren santimita ɗaya a tsawo, lissafi ya kauce da kusan lita 31. Idan a rabin faɗi ya yi shi, ya kauce da kusan lita 126, ninki huɗu ke nan. Ɗalibin injiniya ya fita aji da sanin awon da ya fi buƙatar kulawa. Bayan haka ne lokacin gargaɗi ya yi. Fankshin xy/(x² + y²), idan aka ba shi ƙimar sifili a tsakiya, yana da diribatif na ɓangare guda biyu a can, dukansu sifili, domin a kan layin x da layin y sifili ne ko'ina. Amma a kan layin y = x ƙimarsa rabi ce, komai kusancin da aka yi da tsakiya. Babu shimfiɗar da ta dace da shi a wurin, hasali ma a yanke yake. Darasin shi ne duba fuska biyu ba ya isar wa duba dukkan fuskoki. Idan aka kawo wannan misali a makon farko ƙarƙashin babin limit, kamar yadda littattafai da yawa suke yi, ɗalibi yakan ɗauke shi wasan ƙwaƙwalwa marar amfani. Idan aka kawo shi bayan an gina miƙaƙƙen ƙiyasi, ya zama amsar tambayar da ɗalibin ya fara yi wa kansa, wato ko wannan dabara kullum tana aiki.

Mataki na uku shi ne a nuna cewa giradiyan da diribatif na fuska da dokar sarƙa duk daga wancan ƙiyasi suka fito. Lambobin 12 da 9 na ɗazu, idan aka haɗa su bekta ɗaya (12, 9), shi ne giradiyan, kuma ƙiyasin canjin f ba komai ba ne illa ninkin ɗigo na wannan bekta da takun da aka yi. Ninkin ɗigo ya fi girma idan bektoci biyu suka fuskanci wuri ɗaya, don haka giradiyan yana nuna inda hawa ya fi tsanani, tsawonsa kuma, 15 a misalinmu, shi ne tsananin hawan. Ninkin ɗigo sifili ne idan bektocin suna kan kusurwar digiri 90, don haka giradiyan yana gitta layin mataki a tsaye. A taswirar ruwan sama galibi kudu yake nunawa. Idan kuma x da y kansu suna sauyawa da lokaci, takun shi ne saurin tafiya sau ɗan lokacin da ya wuce, dokar sarƙa ta fito ba tare da hadda ba. A nan ne za a yi maganin wata al'ada da ɗalibai suka taho da ita daga aji ɗaya, ta soke saman alamar diribatif da ƙasanta kamar a lissafin rabawa. Dokar iskar gas PV = nRT ta isa hujja. A ninka diribatif ɗin P bisa V da na V bisa T da na T bisa P: mai soke alamomi zai ce amsar 1 ce, alhali −1 ce, domin a kowane ɗaya daga cikin ukun wani abu dabam aka riƙe a tsaye. Ga 'yan kwamfuta ya dace a ambata cewa dabarar bin akasin giradiyan taku bayan taku don neman wuri mafi ƙasa, wadda Cauchy ya bayyana a 1847, ita ce tushen yadda ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a yau.

Neman ƙololuwa da kwari ma haka yake. A ƙololuwa shimfiɗar a kwance take, don haka giradiyan sifili ne. Sai dai kwanciyarta ba ta bambanta ƙololuwa da kwari da sirdi, shi ya sa ake hawa mataki na gaba na ƙiyasi, mai x² da xy da y², wanda gwajin diribatif na biyu yake karantawa. Hanyar Lagrange kuwa, wadda aka fi haddacewa ba tare da fahimta ba, hoto ɗaya ne yake buɗe ta. Mutum yana da wayar shinge mita 20, yana son kewaye fili mai kusurwa huɗu a jikin katanga, da gefe ɗaya x mai kallon katangar da gefuna biyu y. Sharaɗin shi ne x + 2y = 20, abin da ake son ƙarawa kuma xy ne. A zana layin sharaɗin, a zana layukan mataki xy = 30, 40, 50 da 60 a kansa. Layin ya yanka na 30 da na 40 sau biyu biyu, bai kai na 60 ba, ya taɓa na 50 a wuri ɗaya tak, a (10, 5). Duk inda ya yanka layin mataki, ana iya gusawa gaba a sami ƙari, saboda haka wuri mafi kyau shi ne inda ya taɓa kawai, kuma a nan giradiyan biyun suna kan layi ɗaya: (y, x) = λ(1, 2). Lissafi ya ba da λ = 5. Kada a bar wannan lamba ba ma'ana. A sake aikin da waya mita 21, fili ya tashi daga murabba'in mita 50 zuwa 55.125, ƙarin kusan 5. Ashe λ amsa ce ga tambayar kowane mai kasafi: idan aka ƙara mini ɗaya, da me zan ƙaru?

Mataki na huɗu shi ne intigiral mai ninki, kuma doka ɗaya ya kamata malam ya kafa ya tsaya a kanta: babu mai rubuta iyakokin intigiral sai ya zana yankin. Misalin da ya fi gamsar da ɗalibai shi ne intigiral ɗin e^(y²) a kan alwatika mai kusurwoyi (0, 0), (0, 1) da (1, 1). Wanda ya fara tarawa bisa y zai maƙale, domin babu fankshin na yau da kullum da diribatif ɗinsa e^(y²) ne. Wanda ya zana alwatikar zai ga ana iya yanka ta a kwance, x daga 0 zuwa y, sai abin ya koma y·e^(y²), amsa ta fito (e − 1)/2, kusan 0.859. Halaccin sauya jerin tarawa shi ne ƙa'idar da Fubini ya tabbatar da cikakkiyar sigarta a 1907, amma zane ne yake faɗin sababbin iyakoki. Haka batun r ɗin nan da ke cikin r dr dθ, wanda ake yawan mantawa. A zana da'irori masu tsakiya ɗaya da layukan da suka fito daga tsakiyar, a dubi ƙananan ɗakunan da suka samu: na kusa da tsakiya ƙanana, na nesa manya, kowane kuma ya kusa zama mai kusurwa huɗu, gefe ɗaya dr, ɗayan r dθ. Wanda ya manta r ya lissafa girman filin da'ira mai rabin faɗi R zai sami 2πR, tsawon kewayenta ke nan, awon mita a inda ake jiran murabba'in mita. Daga nan ditaminan ɗin Jacobi ya daina zama baƙo: kowane sauyin bariyabul, a kusa ƙwarai, miƙaƙƙe ne, ditaminan kuwa yana faɗin sau nawa ya buɗa ko ya matse ɗan fili.

Mataki na ƙarshe shi ne manyan ƙa'idoji uku, kuma kuskure ne a koyar da su a matsayin abubuwa uku. A raba yanki ƙananan murabba'ai, a lissafa yadda filin bekta yake kewaya bakin kowane ɗaya. Kamar gonaki ne masu maƙwabtaka: idan kowane manomi ya kewaya gonarsa ta hannu ɗaya, duk iyakar da ke tsakanin mutum biyu an taka ta sau biyu, ɗaya ya tafi ɗaya ya dawo, sun soke juna, abin da ya saura shi ne iyakar waje. A cikin ɗan murabba'i filin ya kusa miƙewa, don haka kewayensa shi ne ma'aunin juyi sau girman murabba'in. Ƙa'idar Green ke nan: jimlar juyin ciki daidai take da kewayen baki. A gwada da filin (−y, x) a da'ira mai rabin faɗi 1: juyi 2 ne ko'ina, girman fili π, kewaye 2π, sun yi daidai. Ƙa'idar Stokes ita ce wannan a kan lanƙwasasshen doro, ta Gauss kuma ita ce wannan da ƙananan akwatuna, inda abin da ke ɓulɓulowa a ciki yake daidai da abin da ke fita ta bango. Dukkansu faɗaɗa ce ta ƙa'idar tushe ta aji ɗaya, mai cewa tara diribatif a tsakanin a da b yana ba da bambancin ƙima a bakin biyu. Tarihi ma yana goyon bayan koyar da su da misalan zahiri. George Green, mai injin niƙa a Nottingham ta Ingila, a kan lantarki da maganaɗisu ya rubuta maƙalarsa ta 1828, kuma masu safiyo har yau suna fitar da girman fili daga awon kusurwoyin iyakarsa da lissafin da ƙa'idar Green take bayyanawa.

Malamai da yawa za su ce lokaci bai isa ba, kuma suna da hujja, domin zango gajere ne, jinkirin rajista da yajin aiki sukan cinye makonni, manhaja kuwa ba ta raguwa. Amma a duba abin da wannan tsari yake ragewa. Shimfiɗa mai taɓa doro, da ƙiyasin kuskure, da diribatif na fuska, da dokar sarƙa, da tsayuwar giradiyan a kan layin mataki, darussa biyar ne a tsohon jeri, kowanne da laccarsa da haddarsa. Idan an gina miƙaƙƙen ƙiyasi da kyau, sun zama fuskoki biyar na darasi ɗaya, kuma makonni biyun da aka ba ido a farko a nan suke dawowa. A zango mai mako 13 na koyarwa ana iya ba gani 2, diribatif da giradiyan 4, ƙololuwa da hanyar Lagrange 2, intigiral mai ninki 3, intigiral a kan layi da ƙa'idar Green 2. Abin da za a cire daga lacca shi ne dogayen jerin limit iri ɗaya da maimaita diribatif na uku da na huɗu a allo, waɗanda wurinsu aikin gida ne da tutoriyal.

Wasu za su ce wannan tsarin ƙaramin aji ne mai majigi da wutar da ba ta ɗaukewa, su kuwa ɗalibansu ɗaruruwa ne a zaure ɗaya. Taswirar layukan mataki zanen alli ce, allo kawai take buƙata. Ƙwarya a kife da guntun kwali da aka ɗora a gefenta suna nuna shimfiɗa mai taɓa doro har ga na kujerar baya. Wanda ke da waya yana iya sauke GeoGebra, manhajar kyauta da Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya, ya juya doro da yatsa a ɗakinsa. Girman aji ma ba ya hana sa ɗalibai tunani. A zana taswira, a sa ɗigo, a ba da kibiyoyi huɗu, a tambayi wacce ce giradiyan. Kowa ya ɗaga yatsu, sannan ya shawo kan maƙwabcinsa cikin minti biyu, a sake ɗagawa. Wannan ita ce hanyar da Eric Mazur ya yaɗa daga ajinsa na fiziks a Harvard tun farkon shekarun 1990. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon bincike 225 a darussan kimiyya da injiniya da lissafi, suka ga kusan kashi 34 cikin 100 suna faɗuwa a ajin lacca zalla, kusan kashi 22 kuma a ajin da ake sa ɗalibai aiki. Amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma ya bayyana har a manya.

Suka mafi nauyi daga masana lissafi tsantsa take fitowa: hoto yana yaudara, kuma babu mai zana bariyabul goma. Gaskiya ne yana yaudara. Peano ya ba da misalin (2x² − y)(y − x²), wanda a kan kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa tsakiya, tsakiyar ƙololuwa ce, amma a kan lanƙwasasshen layin y = 1.5x² ƙimarsa ta fi sifili, don haka ba ƙololuwa ba ce. Sai dai hanyar fahimtar wannan misali kansa ita ce a zana y = x² da y = 2x², a ga siririn yankin da ke tsakaninsu wanda duk miƙaƙƙen layi yake kauce masa a kusa da tsakiya. Maganin hoton da aka yi da gaggawa shi ne hoton da aka yi da kulawa, sannan hujja. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne miƙaƙƙen ƙiyasi ba sassauci ba ne. Shi ne ainihin ma'anar diribatif da manyan littattafan nazari suke amfani da ita, kuma ita ce take tafiya yadda take daga bariyabul biyu zuwa dubu, inda ido ya gaza. Ɗalibin da ya tashi a kanta ya fi wanda ya tashi a kan diribatif na ɓangare shirin shiga aji uku. A zaɓi hujjoji kaɗan a yi su cikakku a allo, kamar tsayuwar giradiyan a kan layin mataki da ƙa'idar Green a kan fili mai kusurwa huɗu, a faɗa wa ajin a fili waɗanda aka jinkirta.

Akwai kuma masu tsoron kada ƙwarewar hannu ta mutu, injiniya ya fita yana iya bayani ba ya iya lissafi. Tsoron yana kan hanya, domin wanda bai saba da tarawa ta sauya bariyabul ba zai maƙale a intigiral mai ninki komai kyan zanensa. Aikin gida na kowane mako wajibi ne, mai yawa kuma. Abin da zai sauya shi ne jerin aikin: ɗalibi ya fara faɗin ko amsar za ta fi sifili ko ta gaza shi da kimanin girmanta, sannan ya lissafa, sannan ya gwada biyun. Wanda ya saba da haka yana kama kuskurensa da kansa. Batun cewa wasu ba su gama karatun matiriks ba shi ma ba cikas ba ne, tunda abin da ake buƙata ninkin ɗigo ne da ditaminan na layi biyu da na uku, lacca ɗaya ta tuni ta wadatar.

Duk wannan zai tashi a banza idan jarabawa ba ta sauya ba, domin ɗalibi tsofaffin tambayoyi yake karantawa, daga cikinsu yake gane abin da malam yake ɗauka da muhimmanci. Tasirin takardar jarabawa tsoho ne: ƙa'idar da ake kira ta Stokes ta fara bayyana ne a wasiƙar da William Thomson ya aika masa a 1850, Stokes ya sa ta tambaya a jarabawar wata gasa a Jami'ar Cambridge a 1854, cikin masu rubutawa har da James Clerk Maxwell, wanda daga baya ya yi aiki da ita a nazarinsa na lantarki da maganaɗisu. Don haka a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na maki ga tambayoyin da hadda ba ta amsa su. A ba da taswirar layukan mataki ba tare da fankshin ba, a ce a faɗi ko diribatif bisa x ya fi sifili a wani ɗigo, a zana giradiyan a can. A ba da yanki a ce a rubuta intigiral ɗinsa ta jeri biyu ba tare da an warware ba. A ba da ƙima da giradiyan a wuri guda a nemi ƙiyasi a kusa. A nemi jimla ɗaya da ke bayyana ma'anar λ a matsalar da aka warware. A ba zane mai kyau makinsa ko da lissafin ƙarshe ya kauce. Kuma a sanar da ajin wannan tun ranar farko, a saka irin tambayoyin a gwajin tsakiyar zango don kada su zo wa kowa ba zata. Sashen da ya amince da haka, ya sa malaman aji biyu da na aji uku suka zauna suka daidaita takardunsu, zai ga sakamakon a ajin nazarin bekta na shekara mai zuwa, inda za a rage komawa baya ana sake koyar da abin da aka riga aka ci jarabawarsa.